Gubar Dalma: An Raba Ta Da Fetur, Ta Koma Tsakar Gida

Ranar 30 ga Agusta, 2021, Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanar cewa babu sauran gidan mai a doron ƙasa da ke sayar wa motoci fetur mai dalma. Aljeriya ce ta ƙarshe, a watan Yuli na shekarar ta ƙarar da ragowar da ke rumbunanta. Labarin bai yi amo ba, domin a lokacin hankalin duniya yana kan annobar korona da abin da ke faruwa a Afghanistan. Amma cikin yaƙe-yaƙen da ɗan Adam ya yi da gurɓatar muhalli, kaɗan ne aka kai ƙarshensu irin wannan. Hukumar ta ƙiyasta cewa raba fetur da dalma yana ceton rayuka sama da miliyan 1.2 duk shekara.

Gurɓatar muhalli ba ƙaramar makasa ba ce. Kwamitin masana da mujallar likitanci ta Lancet ta kafa ya fitar da rahoto a 2017, ya sabunta shi a 2022, kuma duka biyun adadi ɗaya suka bayar: mutum miliyan 9 ke mutuwa a shekara saboda gurɓatacciyar iska da ruwa da ƙasa da sinadarai masu guba. Wato cikin kowace gawa shida da aka kai makwanci a duniya, ɗaya gurɓatar muhalli ce sanadinta, kuma sama da kashi 90 cikin ɗari na mamatan 'yan ƙasashe matalauta ne da masu matsakaicin ƙarfi. Hayaƙi ne ke da kaso mafi tsoka. Na ɗauki dalma a wannan rubutu ne saboda labarinta ya nuna abu biyu a lokaci guda: yadda ake cin galaba a kan guba, da inda galabar take tsayawa. Kuma inda ta tsaya, a ƙofar gidajenmu ne.

Dalma ba ta da wari, ba ta da wani amfani a jikin mutum, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta da za a kira mara illa. Idan ta shiga, jiki yakan ɗauke ta tamkar sinadarin da ke gina ƙashi, ya adana ta a ƙashi da haƙori shekara da shekaru. Mace mai ciki tana iya miƙa wa ɗan tayinta wadda ta tara tun tana yarinya. Hanjin ƙaramin yaro yana tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da na babba zai tsotsa, ga shi kuma yana rarrafe a ƙasa yana kai hannu baki. Idan ta yi yawa sai amai da jijjiga da suma, wani lokaci mutuwa. Idan kaɗan ce ba a ganin komai, sai dai yaro ya tashi da nauyin fahimta, a yi ta dukansa a makaranta ana cewa daƙiƙi ne. Ɓarnar da ta yi wa ƙwaƙwalwa ba ta gyaruwa. Manya kuwa hawan jini da ciwon ƙoda da na zuciya take jawo musu.

Shekara ɗari a cikin tanki

A watan Disamba na 1921, wani injiniya na kamfanin General Motors mai suna Thomas Midgley ya gano a garin Dayton na Amurka cewa ɗigon wani sinadarin dalma a cikin fetur yana hana injin mota ƙwanƙwasa. An fara sayar da shi a 1923 da sunan Ethyl, aka kauce wa ambaton dalma kwata-kwata. Ba wai ba a san haɗarinta ba. Tun zamanin Rumawa aka san tana lalata masu aikinta. A watan Oktoba na 1924 ma'aikata biyar suka mutu a matatar Bayway da ke jihar New Jersey bayan sun zauce, aka kwantar da wasu gommai. Likitoci irin su Alice Hamilton ta Jami'ar Harvard sun yi gargaɗi. Aka dakatar da sayarwa na ɗan lokaci, aka yi wani gajeren bincike, aka ci gaba. Masana tarihi sun nuna cewa akwai wasu hanyoyin hana ƙwanƙwasar, ciki har da sinadarin da ake tatsa daga hatsi da rake, sai dai shi ba wanda zai iya mallake shi ya riƙa karɓar la'ada a kan kowane galan.

Kusan shekara arba'in kamfanonin da ke sayar da gubar su ne ke ɗaukar nauyin yawancin binciken da ake yi a kanta. Wanda ya karya wannan lagon ba likita ba ne ma. Clair Patterson masanin duwatsu ne, yana auna dalmar da ke cikin duwatsun da suka faɗo daga sararin samaniya don ƙiyasta shekarun duniya. Sai ya ga duk abin da ya auna dalmar waje ta gurɓata shi: ƙurar ɗaki, ruwan famfo, har tufafin jikinsa. Ya bi sawu har ƙanƙarar Girinlan da ta Antatika, inda kowace shekara take barin shimfiɗarta, ya nuna yadda dalma ta yi tashin gwauron zabo a iska bayan yaɗuwar motoci. Ya wallafa gargaɗinsa a 1965, masana'antar mai ta janye tallafin da take ba shi. A 1979 kuma likitan yara Herbert Needleman ya tattara haƙoran famfara na yaran makaranta sama da 2,000 a yankin Boston, ya nuna cewa waɗanda haƙoransu suka fi dalma sun fi rauni a karatu da natsuwa, alhali ba wanda ya taɓa cewa ba su da lafiya.

Daga nan lamarin ya juya. Amurka ta fara rage dalma a fetur a shekarun 1970, ta haramta fetur mai dalma ga motoci a 1996, dalmar da ke jinin yaranta ta ragu da sama da kashi 90 cikin ɗari. Mu kuwa aka ci gaba da sayar mana. Sai a 2001 ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka yi alkawari a Dakar, a 2002 aka ƙulla ƙawancen duniya a taron Johannesburg, zuwa farkon 2006 yankin ya rabu da shi. Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a bakin titin Kano ko Kaduna ko Yamai kafin wannan lokaci ya shaƙi rabonsa.

Me ya sa aka yi nasara? Saboda ƙofofin da gubar ke fitowa 'yan kaɗan ne. Matatun mai a duniya ɗaruruwa ne kawai, gwamnati ta san adireshin kowace. Akwai madadi a hannu. Sannan masu ƙera motoci su ma sun koma son fetur mara dalma, domin tana kashe na'urar tace hayaƙi da doka ta tilasta musu sakawa. Irin haka ta faru da sinadaran firji da na'urar sanyaya ɗaki da ke huda lemar ozon mai kare duniya daga illar hasken rana. (Abin mamaki, Midgley ɗin nan yana cikin waɗanda suka ƙirƙiro su.) Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta kawar da kusan kashi 99 cikin ɗari nasu, ana kuma sa ran lemar za ta koma yadda take a 1980 nan da wajen 2040 a yawancin sassan duniya. Amma dubi leda da robobi. Ana samar da sama da tan miliyan 400 a shekara, abin da ake sake sarrafawa bai wuce kashi 9 cikin ɗari ba. A 2022 aka amince a Nairobi za a ƙulla yarjejeniya, aka watse baram-baram a Busan a ƙarshen 2024, aka sake watsewa a Janiba a Agustan 2025, saboda manyan ƙasashe masu arzikin mai ba su yarda a taƙaita yawan abin da ake ƙerawa ba. Inda gurɓata ta warwatsu a hannun miliyoyin mutane, kuma manya ke cin riba daga tushenta, sa hannu a takarda ba ya wadatarwa.

Dalmar da ta rage a yau irin wannan ce. A 2020 asusun UNICEF da ƙungiyar Pure Earth suka ƙiyasta cewa yaro ɗaya cikin uku a duniya, kimanin miliyan 800, yana da dalma a jininsa da ta kai ko ta haura maikirogiram 5 a kowace desilita, matakin da likitoci ke cewa a tashi tsaye.

Abin da ya faru a Zamfara

Agwagi ne suka fara mutuwa. A farkon 2010 mutanen wasu ƙauyuka a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum suka ga agwaginsu suna ƙarewa, ba wanda ya kawo komai a ransa. Sai yara suka biyo baya. A watan Maris ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta Na-gari Na-kowa, MSF, da ke zagayen sa ido kan sanƙarau, suka tarar da sababbin ƙananan kaburbura fiye da ƙima. Aka ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, aka ba da na sanƙarau, yara ba su daina jijjiga suna mutuwa ba. Sai da aka aika jini waje aka gwada sannan gaskiya ta fito.

Farashin zinare ya haura dala 1,000 a kowane oza a wancan lokaci, manoma suka tsunduma haƙa. Dutsen da suka ci karo da shi yana ɗauke da dalma mai yawan gaske. Suka riƙa kawo shi cikin gari a buhuna, ana farfasawa, ana daka shi a turmi a tsakar gida, ana niƙa shi da irin injin da ake niƙa hatsi, ana shanya garin inda yara ke wasa. Mata na aikin da goyo a baya. A wasu wurare dalmar da ke cikin ƙasa ta haura kashi 10 cikin ɗari na nauyinta, alhali abin da Amurka ta amince da shi a filin wasan yara a lokacin kashi 400 ne cikin miliyan. Na'urar gwajin jini da aka zo da ita tana tsayawa ne a 65, jinin yara da yawa ya wuce inda take iya karantawa. Binciken da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta yi tare da hukumomin Najeriya a ƙauyuka biyu ya gano cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda. Ɗaya cikin huɗu ke nan. Jimillar waɗanda suka mutu a jihar ta haura 400.

Akwai magani, ƙwaya ce da ke kama dalmar da ke jini ta fitar da ita ta fitsari. Amma ba ta da amfani idan yaro zai koma gidan da ya kwaso gubar. Dole sai an fara yi wa ƙasa magani. Kamfanin injiniyoyi na TerraGraphics da cibiyar Blacksmith, wadda ta koma Pure Earth daga baya, suka horar da 'yan gari. Da fartanya da shebur da baro aka kankare saman ƙasar gida bayan gida, aka kai rami na musamman aka binne, aka zubo sabuwa mai tsabta. Sarakuna da hakimai da dagatai suka sa baki aka fitar da niƙan dutse bayan gari, kuma ba don su ba da baƙo bai isa ya shiga cikin gidan mutum ya kwashe masa ƙasa ba. Haka aka tsabtace ƙauyuka bakwai, ciki har da Dareta da Abare da 'Yargalma da Sunke.

Bagega ce aka bari a baya, ita ce kuma mafi girma. Yara kimanin 1,500 suna jiran magani, likitoci na nan, magani na nan, kuɗin kwashe ƙasa da gwamnatin tarayya ta yi alkawari ne bai fito ba. Sai da matasa suka tayar da gangami a kafafen sada zumunta, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka matsa lamba, sannan aka saki kuɗin a farkon 2013. Kusan shekara uku ƙwaƙwalen yara na shan guba saboda takarda ta maƙale a ofis. Wannan jinkiri, a ganina, ya fi jahilcin farko muni, domin mahaƙan ba su sani ba, masu riƙe da takardar kuwa sun sani. A 2015 abin ya sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka mutu.

Darasi mafi amfani ya zo ne daga baya. Ba za ka ce wa mutumin da gonarsa ba ta ciyar da shi ya bar zinare ya ji ka ba. Da aka gane haka, MSF da ƙungiyar OK International suka zauna da mahaƙan kansu. Aka sa feshin ruwa a bakin injin niƙa, ƙurar dalma a iska ta ragu da sama da kashi 90 cikin ɗari. Aka tanadi wurin wanka da sauya tufafi a wajen aiki, don kada uba ya kai wa 'ya'yansa guba a jikin rigarsa. Ba a raba kowa da abincinsa ba, gubar kuma ta ragu. MSF ta miƙa aikin ga hukumomin jiha a 2022, a lokacin da ta'addancin 'yan bindiga ya sa zuwa ƙauyukan da yawa ya zama sai da shiri. Gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019 saboda tsaro, ta ɗage haramcin a Disamban 2024, kuma dutsen da ke ƙarƙashin ƙasar bai sauya ba.

Batir, kurkur da kwalli

Kusan kashi 85 cikin ɗari na dalmar da duniya ke amfani da ita yau a batir take, na mota da babur da na sola. A inda ake da doka, ana narka tsohon batir a rufaffiyar masana'anta mai matatar hayaƙi. A inda babu, da gatari ake fasa shi, a tsiyaye ruwan a kwata, a narka a buɗaɗɗiyar tukunya. A unguwar Thiaroye da ke gefen Dakar yara 18 suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, bayan iyayensu mata sun riƙa tankaɗe ƙasar tsohon wurin fasa batir suna tsintar dalma don sayarwa. A unguwar Owino Uhuru ta Mombasa, Phyllis Omido ma'aikaciya ce a wata masana'antar narka batir har ɗanta ya kwanta rashin lafiya aka gano dalma ce. Ta ajiye aikin ta jagoranci 'yan unguwar, aka rufe masana'antar a 2014, kotu ta yanke musu diyyar shilin biliyan 1.3 a 2020. A Kabwe ta Zambiya kuwa an rufe mahaƙar dalma tun 1994, amma har yau ana haihuwar yara a kan ƙasar da ta bari.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Rashin wutar lantarki ya sa kowane gida mai ɗan hali a Kano da Katsina da Maraɗi da Damagaram ya koma sola, kuma kowane batir da aka saya yau zai mutu nan da 'yan shekaru ya faɗa hannun ɗan gwangwan. Sola alheri ce, tana rage hayaƙin janareta. Amma ba a yi wa matattun batiranta tanadi ba, kuma yawancin masu fasa su matasa ne da ba wanda ya taɓa gaya musu abin da suke shaƙa.

Bangaladash ta nuna cewa ko warwatsattsiyar guba ana iya kama ta. Masu bincike na Jami'ar Stanford da abokan aikinsu na Dhaka sun rasa dalilin yawan dalma a jinin mata masu ciki a karkarar da ba ta da masana'anta. Suka bi diddigi har suka gano cewa masu sarrafa kurkur suna shafa masa wani rini mai dalma don ya yi rawaya shar ya ja hankalin mai saye. A 2019 hukumar kula da abinci ta baza sanarwa a kasuwanni, jami'ai suka shiga babbar kasuwar kayan yaji da ƙaramar na'urar da ke nuna dalma nan take, aka ci tarar masu laifi a gaban kyamarar talabijin. Kafin matakin, kashi 47 cikin ɗari na samfuran kurkur da aka gwada a kasuwa suna da dalma. A 2021 ba a samu ko ɗaya ba. Abin da aka kashe bai taka kara ya karya ba. Sirrin kawai shi ne an auna, an san inda gubar take fitowa, aka toshe wurin.

Mu ma muna da namu wuraren da ya kamata a auna. Akwai fenti mai dalma, wanda ƙasashe da dama suka kafa wa iyakar kashi 90 cikin miliyan. Akwai tukwanen da ake zubawa daga tarkacen ƙarafa, waɗanda wani bincike a Kamaru a 2014 ya nuna wasunsu suna sakin dalma a cikin girki. Sai kuma kwalli, wanda maganarsa ke buƙatar lalama, domin ado ne da muka gada kuma yana da gurbi a addini. Matsalar ita ce baƙin dutse mai ƙyalli da ake daka wa a matsayin kwalli sau da yawa tamar dalma ce. A 2012 likitoci a Boston suka ba da rahoton wani jariri ɗan wata shida da aka samu dalma a jininsa, suka gwada kwallin da aka kawo masa daga Najeriya, suka tarar sama da kashi 80 cikin ɗari dalma ce. Jariri yana murza ido, ya tsotsi yatsa, shi ke nan ta shiga. Ba kowane kwalli ne haka ba, amma ido ba ya bambancewa, sai na'ura. Aikin hukumar kula da abinci da magunguna ne ta gwada abin da ke kasuwa ta faɗa wa jama'a, aikin malamai da ungozomomi ne su isar da saƙon cikin harshen da iyaye mata za su karɓa.

A watan Satumba na 2024 aka ƙaddamar da ƙawancen duniya don kawar da gubar dalma daga jikin yara, da alkawarin dala miliyan 150, ƙarƙashin jagorancin UNICEF da hukumar ba da agaji ta Amurka, USAID. Ba a yi shekara ba gwamnatin Amurka ta rushe hukumar. Wanda ke jiran na waje ya zo ya auna masa jinin 'ya'yansa zai daɗe yana jira.

Na'urar gwajin dalma a jini ba ta fi ƙarfin kasafin kowace jiha ba, ɗigo ɗaya daga yatsa ya isa, sakamako yana fitowa cikin mintuna. Ya kamata kowane babban asibiti a yankunan da ake haƙar zinare ya mallake ta, a kuma riƙa gwada yaran unguwannin da ake fasa batir ba sai an ga kaburbura sun yi yawa ba. Kafin hukuma ta motsa, mai karatu, akwai abin da ke hannunka. Kada a fasa ko a narka batir a cikin gida. Kada a daka ko a niƙa dutsen zinare a inda ake zaune, balle a turmi ko injin abinci. Mai irin wannan sana'a ya yi wanka ya sauya kaya kafin ya ɗauki ɗansa. A dakata da sa wa jarirai kwallin da ba a tabbatar da abin da ke cikinsa ba. Idan kuma yara a unguwa ɗaya suna jijjiga, maganin zazzaɓi ya ƙi ci, a roƙi likita ya gwada dalma.